Ƙarfen da Ke Ƙirjin Babana

Masu karatu, ku gafarce ni da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na masu tsokanata wai an ɗaura ne na ɓuya ina cin amarci. Ba a ɗaura ba. Daga barandar wani asibitin zuciya a Madani nake muku wannan rubutu, zaune a kan tabarmar da muka naɗo daga gida, wayata jone da cajar wata mata da ban ma san sunanta ba. Abin da zan faɗa muku yau ko aminiyata ban faɗa wa ba, don idan na buɗe baki kuka ne yake riga maganar fitowa.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Juwairiyya Audi, 'yar garin Mai Wurno a nan Sudan. Ina koyar da 'yan aji shida a makarantar 'yan mata ta unguwarmu. Mu uku ne a gida, ni da Baba da Inna Mairo. Yayana Bilyamin yana Damazin yana tuƙa tarakta a manyan gonaki, sai an gama girbi muke ganin ƙeyarsa.

Sai kuma Mujtaba. Ɗan garin Abu Hujar ne, yana aiki da wani kamfani mai raba magunguna da kayan asibiti tsakanin Sennar da Madani. Dogo ne, jallabiyarsa kullum fara tas kamar ba a ƙasar nan yake tafiya ba, ga ƙamshin sandal da yake riga shi shigowa gida. Larabcinsa irin na ofis ne, Hausa kuwa sai gaban manya yake yin ta, a hankali, da ladabi. Lokacin da aka sake buɗe makarantarmu bayan yaƙi ya lafa a wajenmu, ko allin rubutu ba mu da shi. Shi ya sauke mana kwali guda na alli da littattafai daga bayan farar motarsa, bai ce komai ba ya wuce. Daga ranar na fara kallonsa. Ba zan ɓoye muku ba, babu wanda ya tilasta min shi. Ni na so shi, da hankalina da komai.

Ciwon Baba na farko a gonarsa ta bakin kogi ya same shi, yana dashen albasa. Ya ce ji ya yi kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, zafin yana sauka har hannun hagu. Da raksha, keken nan mai ƙafa uku, aka kawo shi gida, daga nan Sennar, su kuma suka ce mu wuce Madani kada mu tsaya ko'ina. Mujtaba ne ya kwashe mu a motarsa, Baba kwance a baya, kansa a cinyar Inna.

Likitar da ta karɓe mu Dakta Hanaa ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta ce jijiya ɗaya cikin masu kai wa zuciya jini ta kusa toshewa. Za su zura siririyar tiyo ta hannu har zuwa wurin, su buɗe, su bar wata 'yar ragar ƙarfe a ciki don ta tokare jijiyar. Ta nuna mana girmanta da ɗan yatsa, ba ta kai abin da ke cikin biro mai dannawa ba. Da Larabci di'ama ake ce mata. Baba yana jin sunan, duk da halin da yake ciki, sai da ya murmusa, don ya yi kama da sunan da muke kiran mayaƙan nan da suka addabi garuruwanmu. Ya ce wa Inna da ƙyar muka samu suka fita daga gari, yanzu kuma a ƙirjinsa za a sa masa ɗaya.

Dakta ta ce akwai shawarar da za a yanke, tana son mutum ɗaya daga iyali ya biyo ta ofis. Bilyamin yana hanya bai iso ba. Na miƙe ina gyara tobina, mayafin nan da muke naɗawa, sai Inna ta riƙo gefensa, ta ce in zauna, ga Mujtaba nan wanda ya san harshensu, ai ɗanmu ne. Na koma na zauna. A lokacin har wani daɗi na ji, wai ga mijin da zan aura ana shiga da shi ofishin likita a madadin gidanmu.

Da ya fito ya durƙusa gaban Inna ya yi mana bayani. Ya ce ragar iri biyu ce, akwai ta ƙarfe zalla, akwai wadda aka shafe da magani. Ta ƙarfe zallar, a cewarsa, ita ake sa wa waɗanda ba su da kowa, kuma masu ita ba sa daɗewa. Mai maganin ita ce rai. Ya ce ya zaɓa wa Baba ita, duk abin da za a buƙata ya ɗauka a wuyansa. Sharaɗi ɗaya ne, akwai ƙwayar tsinka jini da Baba zai sha kullum tare da asfirin har tsawon shekara, ba fashi. Ya dafa ƙirjinsa ya ce wannan kuma aikinsa ne, duk wata zai kawo da hannunsa.

Inna ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dishe.

Aiki ya yi kyau. Ba a jima ba Baba ya dawo gida, yana zaune a kan angarib, gadonsa na igiya, ƙarƙashin rumfa, rediyo a kunne, yana faɗa da Inna kan ta hana shi gishiri a miyar kuɓewa. Matan unguwa suna shigowa gaisuwa, kowace sai ta ce Mairo ta samu surukin da ya fi ɗa. Duk farkon wata farar mota takan tsaya a ƙofar gida, Mujtaba ya shigo da 'yar leda, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ƙwayoyin wata ɗaya cif, ba ƙari. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba ya kawo na wata biyu a tare ba. Na ɗauka dalilin zuwa ganina yake nema, har ina jin kunya idan Inna ta kalle ni.

Ana cikin haka kamfaninsu ya ce zai mayar da shi Bur Sudan. Ya zo da maganar a ɗaura aure kafin ya tafi, mu wuce tare. Ni kuwa na ce ya ba ni lokaci. 'Yan ajina sun yi asarar karatu mai yawa saboda yaƙi, wasu har sun manta haɗa baƙi, ga jarrabawa tana tafe, na yi musu alkawarin ba zan bar su a tsakiya ba. Sannan ban ga yadda zan tsallake Baba in tafi bakin teku bai gama shekararsa ta magani ba. Ban ce ba na yi ba. Cewa na yi a jira.

Tun daga nan gida ya yi min zafi. Kayan lefe sun riga sun iso, akwatuna jere a ɗakin Inna, tobobi masu ado da takalma da itacen ƙamshi, kullum sai ta buɗe ta sake ninkewa tana magana ita kaɗai yadda zan ji. Gwaggona ta tako takanas daga ƙauye don ta tuna min shekaruna. Kawu ya ce mutum ya ɗauki uban yarinya daga bakin kabari, ita kuma tana maganar jarrabawar yara. Baba ne kaɗai bai sa baki ba, sai dai ya kalle ni ya kau da kai.

Saƙonnin Mujtaba ma suka sauya. Da, da safe sai na tarar da addu'a da hoton fure. Yanzu sai:

"Juju, na gaji da jira."

"Saura kaɗan fa, ka yi haƙuri."

"Ke kike da lokaci. Ni ba ni da shi."

Wata ya kama, mota ba ta zo ba. Na duba gwangwanin da Inna take ajiye maganin, saura 'yan ƙwayoyi ne a ƙasa. Na rubuta masa cewa na Baba sun kusa ƙarewa. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon wayar, kafin amsa ta shigo.

"Babu a kasuwa wallahi. Ina nema."

Ban yi mamaki ba, kun san yadda kantunan magani suka koma a wajenmu, wani lokaci maganin zazzaɓi ma sai ka zaga gari. Ranar da ba makaranta na hau motar haya ta hayis zuwa Sennar da tsohon kwalin maganin a jakata. Na shiga kanti bayan kanti cikin rana, ana girgiza min kai. Can wajen kasuwa wani dattijo ya ɗauko min wani kwali mai launi daban, ya ce maganin ɗaya ne, kamfani ne kawai ba ɗaya ba. Na ɗauki hotonsa na tura wa Mujtaba, tunda shi ne masani. Nan take ya kira. Ya ce kada in kuskura, jabu ne ya cika kasuwa, in na ba Baba wannan ni zan kashe shi da hannuna. Ya ce asfirin ɗin zai riƙe Baba, shi kuma in ba shi kwana biyu ya samo maganin. Na mayar wa dattijon kwalinsa na ba shi haƙuri, na hau mota na dawo hannu wofi.

Kwana biyun suka zama sati, satin ya haifi wani. Duk lokacin da na tambaye shi magani, sai ya tambaye ni ranar aure. Ni kuma, masu karatu, ban haɗa maganganun biyu ba. Na ɗauka abubuwa biyu ne daban suke damun mutum ɗaya. Idan na nuna damuwa a gida Inna takan ce in kwantar da hankalina, ai ga Baba nan garau, har ya fara leƙa gona.

Da hantsi abin ya faru. Baba yana zaune yana tsiyaya gahawa daga jabana, 'yar butar da ake dafa ta, na ji ƙarar finjali a ƙasa. Kafin in fito daga ɗaki ya kife a gefen angarib, zufa ta jiƙa masa riga, leɓɓansa sun yi toka-toka. Na kira Mujtaba, ban san ma me na ce ba. Ya iso da gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, fuskarsa a firgice, ko hula babu. A hanyar Madani yana tuƙi yana salati. Ina baya riƙe da ƙafafun Baba ina ce wa raina, Allah, wane irin mutum ka ba ni, ni kuma nake ja masa rai.

Sun shiga da Baba kai tsaye. Gudan jini ne ya toshe ragar. Sun samu sun buɗe, ya rayu, amma wani sashe na zuciyar ya ji rauni wanda ba zai koma kamar da ba.

Washegari Dakta Hanaa ta leƙo baranda ta ce tana son ɗan gida. Mujtaba ya tafi neman mana abinci, Inna tana salla. Wannan karon ba mai riƙe min tobi, na bi ta.

Ba ta ce in zauna ba. Ta cire tabarau ta tambaye ni wa ya ce a daina ba shi ƙwayar. Na ce ba dainawa aka yi ba, ƙarewa ta yi, kuma babu a kasuwa. Ta kalle ni kamar na yi mata wani yare.

"Ƙarewa kamar yaya? Na shekara guda fa aka tanada."

Na ce ban gane ba. Sai ta ja min kujera.

Ta ce bari ta maimaita min abin da ta faɗa wa wanda muka turo mata a karon farko. An yi bincike a kan dubban marasa lafiya, an kwatanta masu ragar ƙarfe zalla da masu mai magani. Ta wajen tsawon rai bambancin ba babba ba ne, a wasu binciken ma ba a ga wani bambanci ba. Inda mai maganin ta yi fice shi ne jijiya ba ta cika sake tsukewa ba, mutum ba ya yawan dawowa a sake masa aiki, shi ya sa likitoci suka fi son ta idan hali ya yi. Amma irin da suke da ita a lokacin tana daɗewa kafin naman jijiya ya rufe ta, kuma muddin bai rufe ba, ƙwayar nan ce take hana jini daskarewa a kanta. Ta ƙarfe zalla takan rufu da wuri, lokacin shan ƙwayar gajere ne, sai dai an fi samun ta sake tsukewa daga baya, a hankali, yadda mutum zai ji alama ya zo.

Ta ce da ta ji daga inda muke, da yadda magani yake yankewa a wajenmu, ita hankalinta ya fi karkata ga ta ƙarfe zallar. Ta faɗa masa haka, ta ce ya je ya yi shawara da mu. Shi ya ce ba sai an yi shawara ba, a sa mai magani, ƙwayar shekara guda tana hannunsa.

"Ban yarda da baki ba," in ji ta. "Sai da ya je mota ya ɗauko kwalayen, na duba kwanan watansu da idona. Kuma na gaya masa, na sake gaya masa, cewa fashin 'yan kwanaki a watannin farko yana iya kashe shi."

Na tambaye ta ko ta taɓa cewa masu ta ƙarfe zalla ba sa daɗewa. Ta ce ita ba ta faɗi haka ba, kuma ba za ta faɗa ba. Na ciro waya na nuna mata hoton kwalin dattijon Sennar. Ta ƙara girman hoton ta duba, ta ce maganin ne, irinsa suke bayarwa a nan.

Ban san yadda na fito daga ofishin ba. Na dai tsinci kaina a ƙofar asibiti, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro inda mai shayi take jera kujerunta. Ina tsaye ya iso, leda a hannu, dafaffen waken ful da burodi da ruwan sanyi. Ya sake jallabiya, ya yi wanka, ƙamshinsa yana nan. Ya yi min murmushi ya ce in zauna in ci wani abu, tun jiya ban sa komai a ciki ba.

Na ce masa, "Ina kwalayen?"

Ya ce waɗanne. Na ce waɗanda ya nuna wa Dakta Hanaa. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya ajiye ledar a kan kujera a hankali, ya waiga ko mai shayi tana jin mu, sannan ya koma Larabci, ƙasa-ƙasa.

Na so ya musa. Wallahi na so ya ce likita ce ta rikice, ko an sace su, ko sun lalace, da na kama wannan na riƙe. Bai musa ba. Ya ce suna cikin sito a Sennar. Ya ce 'yan kwanaki kawai ya yi niyya, shi ya san mutane da yawa da suke tsallake magani ba abin da yake samunsu, bai taɓa zaton zai kai haka ba. Ya ce Baba ubansa ne shi ma. Hawaye har ya taru masa, kuma na san ba na ƙarya ba ne, wannan ya fi komai ɗaga min hankali.

Na tambaye shi dalili.

"Kin mayar da ni kamar direban gidanku, Juwairiyya. In zo, in kawo, in tafi. Na so ki ga yadda gidan yake idan babu ni."

Na ce na gani. Na ce tun a ofishin likita ya shirya wannan ke nan, tun ranar da ya zaɓi wadda za ta ɗaure mu da shi shekara guda. Ya rantse ba haka ba ne, a lokacin alheri ya nufa, mai kyau ya so wa Baba, daga baya ne shaiɗan ya shiga. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ni dai har yanzu ban san a wace rana mutumin da ya kawo mana alli ya zama wannan ba.

Na ce ya je Sennar yanzu ya kwaso su duka, ya kai ofishin Dakta, ba hannun Inna ba, ba nawa ba. Na juya zan tafi, sai ya ce in tsaya. Ya ce kafin in je in tona shi gaban Kawu da Bilyamin, in fara tambayar Inna.

Na ce Inna me.

"Ta sani," ya ce.

A bayan ɗakin marasa lafiya na same ta, wajen famfo, ta tsuguna tana wanke rigar da Baba ya faɗi da ita. Tsohon tobinta ruwan ƙasa ta ɗaura, ta naɗe hannuwa. Na tsaya a kanta ban yi sallama ba. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya, ta mayar da kai, ta ci gaba da cuɗa wuyan rigar da ya riga ya fita.

Ban tambaye ta ba. Ita ta fara.

Ta ce ya kira ta tun farkon wata, ya ce mata maganin yana nan, amma zai ɗan jinkirta ko zan dawo hankalina. Ya tabbatar mata ƙaramar ƙwayar asfirin ta isa ta riƙe Baba, wai likita ce ta faɗa. Ita kuma ta yarda, don shi ne mai sani. Ta ce kullum da asuba sai ta sa kunne a ƙirjin Baba yana barci, ta ji yana bugawa, ta ce yau ma lafiya.

"Inna, kina kallo na tafi Sennar ina yawo a rana."

"Ina kallo."

"Kika bar ni."

Sai ta saki rigar cikin ruwa. Ta ce in gaya mata mi za ta yi. Ta ce tsoro ne ya cinye ta, tsoron ya yi fushi ya tafi Bur Sudan ya auri wata, maganin ya yanke gaba ɗaya, ba na sati ba, na har abada. Ta ce ita ba ta san kantin magani ba, ba ta san sunan ƙwaya ba, abin da ta sani shi ne ran mijinta yana hannun yaron nan, ɗiyarta kuma ta ƙi ta ce to. Ta ɗauka in na ga gwangwani ya koma fanko zan sauko, a sa rana, mota ta dawo, kowa ya huta.

"Saboda babanki na yi," ta ce. "Ga shi nan na kusa kashe shi."

Ta rufe fuska da jiƙaƙƙun hannuwa. Ban taɓa ta ba, ban kuma iya tafiya ba. Uwata ce. Ita ta sayar da awakinta na yi makarantar malamai. Na tsuguna na ɗauki rigar na matse, na shanya a kan waya, muka dawo baranda kowa da gefensa.

Kafin la'asar kwalayen suka iso ofishin Dakta. Ta kira ni ta damƙa min, ta rubuta min sunan maganin da manyan baƙaƙe yadda zan nema ko'ina, ko na wane kamfani ne. Ta kuma ja min kunne cewa zuciyar Baba ba za ta ɗauki tashin hankali yanzu ba, duk wata magana mai nauyi a ajiye ta sai ya yi ƙarfi.

Jiya aka fito da shi daga ɗakin kulawa ta musamman zuwa ɗaki na gama-gari. 'Yan uwa suka cika wurin, Kawu da Gwaggo da Bilyamin da ya iso da ƙurar Damazin a jikinsa. Mujtaba yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, kowa ya ɗauka kunya ce. Kawu ya kamo hannunsa ya jawo shi gaban gado, ya ce sau biyu ke nan Allah yana ceton Audi ta hannun yaron nan, shi bai ga abin da ake jira ba kuma, da an koma gida a ɗaura ranar Juma'a. Gwaggo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Bilyamin ya rungume shi yana kiransa ɗan uwa. Na tsaya jikin bango, Inna kuma ta zuba wa ƙasa ido.

Baba ya bar su har suka gama. Sannan ya ɗaga hannun da babu allura, ya ce kowa ya ɗan ba shi wuri, ban da ni.

Suka fita. Inna ce ta ƙarshe, ba ta yi nisa ba, ina ganin gefen tobinta ta tsagar ƙofa.

Ya ce in matso. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma kallon nan nasa yana nan, irin wanda yake yi wa gajimare ya ce yau ba za a yi ruwa ba. Ya riƙe min yatsu. Muryarsa da ƙyar take fita.

Ya ce shi ba yaro ba ne. Ya ce yana kwance ya ji likita tana faɗa wa ma'aikaciyarta cewa maganin yana nan aka hana shi, sun ɗauka barci yake. Ya ce kowa a ɗakin nan zai lallashe shi ya yi masa ƙarya saboda ciwo, amma ni ban taɓa yi masa ba.

"Ɗiyata, wa ya riƙe min magani?"

Na tuna gargaɗin Dakta. Na kalli na'urar da ke saman kansa tana zana bugun zuciyarsa. Na ce a raina in na yi shiru, Juma'a tana nan tafe.

Na ce, "Mujtaba ne, Baba."

Ya lumshe ido, ya daɗe a haka, har na fara neman maɓallin kiran ma'aikaciya. Sai ya buɗe. Bai kalle ni ba, ƙofar ya kalla, inda gefen tobin nan ya daina motsi.

"Shi kaɗai?" ya ce.